Kunnuwan da Ke Ƙarƙashin Hula

A ɗakin da ake nuna tsofaffin zane-zane, wani mutum yana tsaye gaban zane ɗaya, tumbinsa ya riga shi isa. Zobe uku ne a yatsunsa, turarensa kuwa har hawa kai yake. Ina jin tun ranar da ya yi arziki ba wanda ya ƙara gaya masa gaskiya.

Zanen ya haura shekara ɗari. Wani ƙaton attajiri ne ya hau bayan manomi, ya sa masa linzami, ga kunnuwan jaki suna leƙowa ta ƙarƙashin hular attajirin. Mutumin namu bai ga kunnuwan ba, rigar yake kallo.

"Ka ga mutanen da," in ji shi. "Kowa ya san matsayinsa."

A bayansa tsohon direbansa ne, ya ranƙwafa da jakunkuna biyu da lema. Ya dubi kunnuwan, ya dubi maigidansa.

"Wallahi, Yallaɓai, har kama kuke yi."

Mutumin ya washe baki, ya gyara zaman hula.

"Ko? To, je ka tambayo ko za su sayar. A falo zan rataye shi."