Hantar Layyar da Na Gasa wa Yaya Saude

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Dokta Saude, kuma har yau in na ji ƙamshin hanta a kan garwashi sai in ji kamar an kira sunana a gaban aji. Na yi shekara talatin ina koyar da Hausa da Tarihi a sakandare a nan Kankia. Na hori ɗalibai masu yawa a kan taɓa abu ba tare da tambaya ba. Babu ɗayansu da ya kamo ƙafata a wannan laifi.

Yaya Saude malamar jami'a ce, fanninta sinadaran jikin mai rai. Rayuwarta ta ƙare a kan wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda ake kira mitokondiriya. Innarmu ta taɓa tambayarta a gidanmu na Mawashi, wai me take leƙe shekara da shekaru da ba ta gama gani ba. Ta ce, "Inna, murhu nake dubawa. Tuwon geron da kika ci ba ya zama ƙarfi sai an ƙona shi. A cikin ƙwayoyin jikinki akwai 'yan murahu da ke wannan aiki dare da rana." Inna ta ce to, ashe bayan duk wannan boko madafa ta koma.

Tambayar da ta hana ta sakat ta makiyaya ce. Garke ɗaya, kiwo ɗaya, rijiya ɗaya, amma in rani ya tsananta wata dabbar ta kai damina a tsaye, wata kuma sai an ɗaga ta. Zarginta shi ne bambancin yana cikin 'yan murahun nan: wasu suna cin itace da tattali, wasu da almubazzaranci. Hanta kuwa cike take da su, sai dai ba su jimre jira. In ba a jefa yankan cikin sanyi da zarar an feɗe dabba ba, aikin ya lalace.

Wata shekara da Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen rani, ta shirya da wani makiyayi a Rimaye mai suna Bello. Wata biyar tana zuwa rugarsa, tana auna raguna huɗu, tana rubuta abin da suka ci da nisan da suka taka. Uku aka sayar kafin Sallah, aka yi kudu da su. Na huɗun ta kawo wa Baba ya yi layya, da roƙon a bar mata yanka ɗaya na hantar.

Roƙon ba ƙarami ba ne. A gidanmu maigida ba ya sa komai a baki ranar layya sai ya sauko daga idi, an yanka, an gasa hanta, ya fara ci, sannan a raba wa kowa bisa shekaru. Ba a taɓa jin wani ya riga shi taɓa ta ba. Sai da Baba ya kai maganar gaban liman. Liman ya ce sayar da naman layya ne ba a yi, kyauta kuwa ba laifi, ko da wanda aka ba zai kalla ne kawai. Baba ya yarda, fuska a ɗaure.

Ni duk wannan ban sani ba, don da safiyar Sallar na iso. An feɗe, Yaya ta yanki rabonta, ta sa a wani filas mai faɗin baki cike da ƙanƙarar da ta sha wahalar samowa daga Kankia, ta shiga ɗaki haɗa kaya don ta kama hanya. Ni kuwa ƙishirwa ta kai ni ga filas. Na buɗe, na ga hanta a 'yar kwalba cikin wani ruwa, ta yi sanyi ƙalau. Na ce a raina lallai mata sun yi sakaci. Na ɗauraye ta, na barbaɗa gishiri da yaji, na ɗora a garwashi. Don in nuna ladabi, Yaya na kai wa.

Ta ci rabi kafin ta tsaya.

"Isa, ina ka samo wannan yankan?"

"A filas ɗinki, Yaya. An manta da shi har ya sandare."

Ta gama taunawa, ta haɗiye. "Wata biyar ka gasa," in ji ta. "Yajin ma ya yi yawa."

Baba, wanda ya kammala tasa, ya goge hannu ya ce, "To, ai ba ta hita daga gida ba."

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Hukuncin da ta yanke shi ne in zama mai riƙon filas. Kowace Babbar Sallah bayan nan ni ke rungume shi a kan babur daga Mawashi zuwa tashar Kankia, cikin sabuwar riga, cikina babu komai, mutane na tambaya ko kunu nake kai wa mara lafiya. Ta yi rubuce-rubuce, ta yaye ɗalibai, ta sami ɓangaren amsarta. Sauran ɓangaren kuwa, ciwon ajali ya riga ta. Littattafan da take rubuta awonta da hannu, aka zuba su a akwati aka kawo ɗakina, tunda ni ne malamin gida. Na iya karanta baƙaƙen, amma ban san abin da suke faɗa ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ƙanƙarar da take nema kamar magani, yanzu lantarkin hasken rana ke yin ta a shaguna har cikin Kusada. Da ta ji masu lasifika a kasuwa suna tallan maganin ƙarin kuzari, na san za ta matsa kusa ta tambaye su a wane murhu yake ƙonewa. Za ta yi baƙin cikin yadda burtali ya tsuke da yadda garken Bello ya ragu. Amma da ta leƙa ajin kimiyya na tsohuwar makarantata ta ga 'yan mata sun cika benci, ina jin za ta yafe wa zamanin nan abubuwa da dama.

Bara na ja akwatin don a share bayansa, sai na ga gara ta ci gindinsa, ta fara lasar littafi na ƙasa. Sau ɗaya na lalata aikin baiwar Allahn nan da wuta, ga shi zan sake lalata shi da ajiya. A ranar na kira ɗiyarta, Bilkisu, wadda ta karanta fannin uwarta, tana kuma shawarar ko ta ci gaba da karatun ko ta bari. Ta zo, ta kwana uku tana buɗe shafuka a kan tabarma. Da ta rufe na ƙarshe ta ce, "Kawu, Umma ta tsaya a tsakiyar hanya. Littattafan ba su isa ba. Hanta nake so, kuma ba ta rago ɗaya ba."

Baba da Inna sun rasu, yanzu ni ne maigida, hantar farko tawa ce. Haka na bi abokai gida gida kafin Sallar bana, ina karanta musu fatawar tsohon liman. Malam Hamisu na Dudunni, wanda muka yi koyarwa tare, ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce, "Zan ba yarinya. Amma kai, Malam Isa, ka tsaya can bakin zaure. Kowa ya san tarihinka da hanta." Wasu sun ƙi, ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka yarda sun ishe ta farawa.

Ranar Sallah na sauko idi, na yanka, na zauna da yunwata ina jira har Bilkisu ta gama yankan nata, ta rufe filas. A jikinsa ta manna takarda da manyan baƙaƙe: KADA KAWU YA BUƊE.

Yaya ta taɓa gaya mini cewa 'yan murahun nan daga uwa kaɗai ake gadonsu. Nawa da nata duk na Inna ne. Nawa za su tsaya a kaina, don namiji ba ya miƙa su. Nata kuwa suna nan suna ci a jikin yarinyar da ta ɗora mini filas a cinya, ta ce in riƙe da hannu biyu. Ban san ko Bilkisu za ta kai ga amsar da uwarta ta nema ba. Na dai san littattafan sun bar ɗakina, kuma tambayar ta sake samun mai ita.

Allah Ya jiƙan Yaya Saude, Ya haskaka makwancinta. Filas ya isa tasha a rufe.