Alhazai Biyu da Ban Haƙurin Gidan Rediyo

Na yi yawon duniya gwargwadon hali, na ga abin dariya na ga na kuka, amma akwai wata ranar kasuwa a Karaye da ba na jin tsufa zai iya goge mini ita.

Zamanin nan ne da soja suka yanka mana jam'iyyu biyu suka ce kowa ya shiga ɗaya. Ɗan ƙanwata, mutumin garin Jajaye, yana cikin masu wasan kwaikwayo a gidan rediyon gwamnati a Kano. Magidanci ne mai iyali, ba gona ba kanti, bakinsa ne jarinsa. Wata damina suka yi wasa a kan wani jigon siyasa da aka ba takin zamani ya raba wa manoma, ya karkatar da rabi, sauran ya cika da yashi. Shi ya fito a jigon. Ba a faɗi suna ba, sai dai a tsakiyar wasan ya ce motar takin ta maƙale a hanyar Rogo.

Kafin mako ya zagayo an bugo waya daga sama. Sai muka ji mai labarai, da muryar ta'aziyya, yana cewa gidan rediyo na ba babban mutumin nan na yankin Karaye da Rogo haƙuri. Ni dai na zauna a Kumasi lokacin da rediyo ta taɓa wani minista, washegari ba ka jin komai sai badujalar soja. A Sudan na ga mai shiri ya ɓace ba a sake jin muryarsa ba. A Ingila na ga 'yar tsana a talabijin tana kwaikwayon shugabarsu, Turawa na ta dariya, ba wanda ya ce a yi haƙuri. Amma ba wa mutum marar suna haƙuri, wannan sai a gida na ji shi.

Yaron ya zo mini duk ya rame. An dakatar da shi, kuma manaja ya ce ba zai koma aiki ba sai wanda aka ɓata wa rai ya ce ya yafe.

"To wane ne?" na tambaye shi.

"Kawu, manajan ma bai sani ba. Shi ma tsawa aka yi masa a waya."

Mutum biyu ne a yankinmu taki ke bi ta hannunsu, Alhajin Karaye da Alhajin Rogo. Jam'iyyarsu ɗaya, amma ko gaisuwa sai dole. Na zaɓi na Karaye don shi ne kusa. Muka same shi a ƙofar sitonsa ranar kasuwa, manoma sun kewaye shi. Muka yi yadda ake yi: na cire takalmi na shige gaba, mai laifi ya durƙusa a bayana kansa a ƙasa. Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Alhaji, yaro ne ya yi kuskure, na kawo shi."

Alhaji ya gyara malum-malum, ya dubi jama'a don ya tabbata kowa na gani. Wai shi ne gwamnati ta ba haƙuri a rediyo, yau ga dattijo ya biyo sawu. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai mota ta tsaya da ƙura, Alhajin Rogo ya fito yana huci. Ashe labari ya riga mu.

"Malam, kai da ka ga duniya, haka ake yi? A zage ni, a kai haƙurina gidan wani?"

"Haƙurinka?" in ji na Karaye. "An ce babban mutum. Kai wa ya san ka a Kano?"

"Hanyar Rogo aka ce ko hanyar gidanku?"

"To ai motata ce ta maƙale a can!"

"Ƙarya kake! Tirelata ce, a kwanar Fulatan, kowa ya gani!"

Yaron ya ɗago kai ya raɗa mini, "Kawu, ta ina zan fuskanta?" Na ce ya tsaya a tsakiya tukuna.

Murya ta yi sama, masu awo suka bar kwanukansu, masu babur suka kashe inji. Na Rogo ya ce tarin da jigon wasan ke yi kafin magana nasa ne sak. Na Karaye ya buga ƙirji ya ce, "To yashin fa? Kai ka taɓa haɗa taki da yashi? Ai a sitona nan aka..."

Bai ƙarasa ba. Wani tsohon manomi da ke tsugune kusa da shi ya ce a hankali, "Allah sarki, Alhaji. Ni kuwa ina ta zargin gonata, har na ce ƙasar ce ta gaji."

Dariyar da ta fashe a wurin har yau ina jin ta a kunnena. Na Karaye ya ce shi fa bai ma saurari wasan ba, kuma bai shafe shi ba. Na Rogo ya ce shi hanya ce ta biyo da shi. Na ce, "To Alhazai, tunda ba wanda aka yi wa laifi, sai ku sanar da Kano, kada a zo bincike." Kalmar bincike ta yi aiki. Kafin la'asar kowannensu ya je sakatariya ya buga waya, yana rantsuwa cewa yaron nan bai taɓa shi ba.

Aka mayar da shi aiki, amma aka soke wasan, aka ba shi karanta sanarwar ɗaurin aure da suna. Ya ci abincinsa a nan har ya yi ritaya, mu kuma muka rasa shirin da ke faɗa mana abin da ke cikin buhunanmu.

Abin da na koya shi ne, gidan rediyon da ke rawar jiki da zarar waya ta yi ƙara daga sama ya manta masu shi. Da kuɗin manomin nan aka kafa shi, kuma in akwai wanda ya cancanci ban haƙuri, shi ne. Tun daga ranar, duk sanda na ji rediyo na ba wani babba haƙuri kan wasa, sai in nemi sanin abin da wasan ya ce, don yawanci a nan gaskiyar take.