Rigar da Nake Ɓoyewa a Hanyar Bunguɗu

Ban yi boko ba. Dako na yi. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar dilar auduga a Gusau, daga bakin inji zuwa taragon jirgi.

Matata ta rasu a shekarun fari, ta bar mini 'ya'ya uku. Manyan biyu suka zauna da ni a ɗakin haya a Tudun Wada. Ƙaramar ba a ko yaye ta ba, sai kakanninta suka tafi da ita Bunguɗu. Surukina ya ce idan ta yi wayo, ya kuma ga na natsu, zai maido mini ɗiyata. Shekara uku ina riƙe da wannan magana.

Gudu ya same ni ne ta hannun wani malamin wasanni. Wata rana mota ta tashi da ƙugiyar aikina a bayanta, na bi ta da ƙafa har na cim mata a bayan gari. Yana kallo. Ya ce za a yi tseren dogon zango daga Tsafe zuwa Gusau bayan girbi, waɗanda suka zo gaba a kai su Sakkwato. Ya ba ni gajeren wando da singileti da takalmin kambas. Ya ce in riƙa gudu kullum.

Na ce, "Malam, yaushe?"

Daga masallaci sai layin famfo. Daga nan koko, wankan yara, rakiyar makaranta. Aiki har la'asar. In na dawo ga wanki, ga cefane, ga wanda ya yi faɗa da ɗan maƙwabta. Sau ɗaya na gwada gudu cikin unguwa da sassafe. Mutane suka fito da sanduna suna tambayata ina ɓarawon ya bi. A lokacin magidanci ba ya gudu sai in gobara ta tashi.

Lahadi kawai nake da ita, ita ce kuma ranar zuwa ganin yarinya. Sai na daina hawa mota. In bar manyan wurin maƙwabciyata, in kama hanyar Bunguɗu da ƙafa, in dawo da ƙafa.

Ban taɓa jin daɗin duniya kamar a kan hanyar nan ba. Mota sai jefi-jefi. Dawa ta sunkuya dama da hagu, auduga ta fashe fari fat. Fulani su tsaya da sanda a kafaɗa suna bi na da ido, har shanun ma su ɗago kai. Kafaɗata babu kaya. Ba wanda ke kirana. Ba na jin komai sai numfashina da ƙarar takalmi.

Matsalar ɗaya ce. Ba a shiga gidan surukai da gwiwa a waje. Akwai wata tsamiya mai kogo kusa da gulbi, kafin a shiga gari. A nan nake ajiye riga da wando da hula cikin buhu. In na iso in yi wanka, in sa kaya, in shiga gari a hankali kamar yanzu na sauka daga mota. In cire takalmi a bakin zaure, in durƙusa. Wata shida ba wanda ya sani.

Wata Lahadi na jawo buhun, sai ƙasa ta zubo. Gara ta cinye rigar, saura wuya da aljihu ɗaya. Ina tsaye da tsumman a hannu sai ga surukina a kan jaki, ya fito daga gona.

Ba wurin ɓuya. Na cire takalmi na durƙusa a haka, zufa na zuba. Ya kau da kai yana kallon gulbi. Muka yi gaisuwa cikakkiya, ba mu tsallake komai ba. Gajiya, aiki, yara, ruwa, mutanen Gusau. Sannan ya jawo buhun da yake zaune a kai ya jefo mini.

"Rufe ƙafarka."

Na rufe.

"Wa ya koro ka?"

"Ba kowa, Baba."

"To wa kake bi?"

"Ba kowa."

"Tun daga Gusau?"

"Tun daga can."

"Jakin nan nawa ma sai na sa mishi sanda yake sauri. Kai mi aka sa maka?"

Na gaya masa zancen tseren. Ya tambayi ranar, na faɗa. Ya ce in koma gida, yau ba zan ga yarinya a haka ba.

Da mako ya zagayo na zo a mota da rigar maƙwabcina. Surukina ya bar ni a durƙushe ya daɗe yana jan casbi. Sannan ya ce yarinya ta yi wayo, in zo in ɗauke ta. Ya sa rana. Asabar ɗin tseren ce, da hantsi.

"In ka zo, ɗiyarka ce. In ba ka zo ba, mun san inda hankalinka yake, sai ta zauna nan har mu aurar da ita."

Na ce, "To, Baba."

Malamin wasanni ya yi ta faɗa. Ya ce zai je da kansa ya roƙi tsohon ya ɗaga ranar. Na ce kada ya je, ba mantuwa tsohon ya yi ba. Na miƙa masa takalminsa. Ya ce in riƙe, ƙafata ta riga ta buɗa shi.

Ran Asabar na isa Bunguɗu tun kafin hantsi. Inna, kakarta, ta ɗaure kayan yarinya a zane, ta haɗa da ƙullin daddawa, ta shige ɗaki ba ta fito ba. Surukina ya raka mu bakin zaure, ya ce Allah ya raya, ya juya.

Muka jira mota ba ta zo ba. Yarinya sai kuka take tana kiran Inna. Na ɗora ta a wuya na kama hanya. Da muka wuce gidan ƙarshe na ɗan ƙara sauri, sai kukan ya ragu. Na ƙara. Ta kama kunnuwana biyu ta soma dariya. Na tattare rigar aro na ci gaba, ƙullin kaya yana dukan bayana. In na tsaya sai ta dungure ni da ƙafa a ƙirji, in sake tashi.

Mun shiga Gusau bayan azahar. An gama tseren, mutane suna watsewa. Ban tambayi wanda ya ci ba. Yayyenta suna zaune a ƙofar gida suna jira. Na sauke ta, ta ɓuya a bayana, don ba ta san su ba. Na ce su matso su gaishe ta.