Tarihin Mai Hawa-Hawa, Gwanar Rubutun Sukari

Haihuwa da Nasaba

An haifi marigayiyar da jama'a suka fi sani da laƙabin Mai Hawa-Hawa a watan Maris na shekarar 1957, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne mai kula da ma'aunin kaya, mahaifiyarta kuma tela ce mai ɗinkin kayan yara a gida. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma tun tana ƙarama aka shaide ta da kaifin hadda da tsabtar hannu, har mahaifiyarta kan ba ta yankan ƙyalle tun tsayinta bai wuce teburin ɗinki ba.

Karatu

An sa ta a makarantar firamare a shekarar 1964, a nan kuma ta gamu da jarrabawar da ta bi ta har kabari. Haruffa ba su taɓa tsaya mata wuri ɗaya ba. Duk abin da malami ya rubuta a allo tana iya kwaikwayonsa har nata ya fi nasa kyau, amma da an ce ta karanta, sai baƙaƙen su cakuɗe mata. Shekara huɗu tana rufa wa kanta asiri da hadda, domin abin da ta ji sau ɗaya ya zauna ke nan. A shekarar 1968 wani sabon malami ya buɗe mata shafin da ba a taɓa karantawa a aji ba. Ta miƙe, ta rattabo darasin jiya tun daga farko har ƙarshe cikin natsuwa, yatsanta yana bin layi, ajin kuwa ya dinga dariya har wasu na kifa kai a benci. Ba ta sake komawa ba. Ta ce wa iyayenta ciwon kai ne ya matsa mata, suka yarda, ita kuma ta ƙudurta a ranta cewa babu wanda zai ƙara sanin wannan aibi nata.

Koyon Sana'a

A shekarar 1974 ta sami aikin wanke gwangwanayen gashi a wani gidan burodi. Shugaban ma'aikatan wurin, wani tsohon kuku da ya yi shekaru a babban otal, ya ga yadda take murza ragowar kwaɓi ta fitar da fure, sai ya ja ta jiki. A wurinsa ta koyi gasa kek mai nauyin da zai iya ɗaukar ɗan'uwansa, da haɗa fondan, wato kwaɓaɓɓen sukarin da ake murzawa ya yi faɗi kamar ƙyalle a lulluɓe kek da shi. Ya koya mata kafa siraran sanduna a cikin kowane hawa domin na sama kada ya nutse a cikin na ƙasa, da naɗe takarda kamar mazurari a matso sukari a yi rubutu. Awon fulawa da bota da ƙwai duk a ka ta riƙe su, shi kuwa ya ɗauka basira ce kawai ta hana ta duba littafi.

Aure da Iyali

Ta yi aure a shekarar 1978 da wani akawun kotu mai buga tafireta. A mako na biyu ya bar mata takarda a kan tebur cewa aiki ya kai shi wani gari na kwana biyu. Da ya dawo, ya tarar ta zaga asibitocin garin tana cigiyarsa, takardar kuwa tana ninke a jakarta. Ya ga takardar ya gane komai, ta kasa ɗago kai. Abin da kawai ya ce shi ne: "Daga yau ni ne idonki, kuma maganar nan ba za ta fita ɗakin nan ba."

Allah ya azurta su da 'ya'ya uku, a shekarun 1980 da 1983 da 1989. A shekarar da ta haifi na biyu ta bar gidan burodi, ta mayar da ɗakin ajiya na gidansu wurin sana'a, ta zuba tanderun gashi da teburin marmara da faifan juya kek. Tsarinsu ɗaya ne tsawon shekara ashirin da ɗaya: akawu ya karanta odar masu biki, ya rubuta mata kalmomin da manyan baƙaƙe, ita kuma ta rufe ƙofa ta zana su kamar yadda take zana ganye da fure. Kek ɗinta mai hawa uku da mai hawa biyar ya ba ta laƙabinta, rubutunta kuwa ya shahara har iyaye kan kafa wa 'ya'yansu misali da shi. Duk sanda aka yabi hannun a gabanta, sai ta ji kamar an kama ta da kayan sata, ta yi maza ta sako wata maganar. Yaran sun tashi suna ganin karanta takardu aikin Baba ne, kamar yadda gyaran fitila aikinsa ne, babu wanda ya taɓa tambaya.

Rasuwar Maigida da Abin da Ya Biyo Baya

Akawu ya rasu a watan Yuni na shekarar 2004. Bayan ta fita takaba ta sayi tabarau, ta kafa dokar cewa duk mai son rubutu ya kawo shi da manyan baƙaƙe saboda raunin idonta. Shekara biyar dabarar tana yi mata aiki.

A shekarar 2009 shugabar makarantar sakandaren da babbar 'yarta ke koyarwa ta yi ritaya, malamai suka ɗora wa 'yar, wadda kowa ke kira Malama, alhakin samo kek mai hawa huɗu. Malama ba ta jituwa da shugabar, har mahaifiyar ta sha tsawata mata a kan yawan yi da ita. Malama ta aiko da takarda mai layi huɗu, duka da manyan baƙaƙe. Mai Hawa-Hawa ta ƙirga layi huɗu, ta dubi hawa huɗu, ta ga lissafi ya fita. Kwana uku ta yi a kan aikin: farin fondan, furanni masu ruwan hoda da ta murza ɗaya bayan ɗaya, da rubutu mai ruwan zinare. Ita da kanta ta jera shi a kan dandamalin ɗakin taro, a bayan labule.

Da aka yaye labulen, aka fara tafi, sai tafin ya riƙa mutuwa daga kujerun gaba zuwa na baya. Layuka uku na sama addu'a ce da fatan alheri. Na huɗu, wanda ya zagaye hawa mafi faɗi da haruffa mafi girma, saƙo ne da Malama ta rubuta wa mahaifiyarta ita kaɗai, cewa kada Umma ta wahalar da kanta, dama sun gaji da matar. Mai Hawa-Hawa tana gefe tana murmushi, ba ta san me ya faru ba sai da ta ga shugabar ta cire tabarau tana goge ido, 'yarta kuma ta dafa bango.

Da yammacin ranar Malama ta same ta a ɗakin aiki. "Umma, na san na yi laifi, kin kuma sha hana ni. Amma sai a gaban mutum ɗari uku za ki hore ni?" Amsar gaskiya kalma huɗu ce, ta kuma zo mata har baki. Ta ci gaba da kankare teburin marmara, ta ce wanda ya rubuta abu ai ya shirya a karanta shi. Ta zaɓi 'yarta ta ɗauke ta muguwa a kan ta san jahila ce.

Shekarun Rabuwa

Zaman makarantar ya gagari Malama, ta nemi sauyin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan yini guda a mota, ta kwashe iyalinta ta tafi. Mahaifiyar ta daina karɓar duk aikin da ke da rubutu, ta ce ido ya ƙare. Kek ɗinta ya ci gaba da fita da furanni da ganye, babu harafi ko ɗaya, masu oda suka ragu, ita ma ta rage shiga mutane.

A shekarar 2010 wasiƙa mai shafi uku ta zo daga Malama. Ta gane hannun 'yarta, amma ba ta san ko zagi ne a ciki ko neman sulhu ba, kuma babu wanda za ta iya miƙa wa ya karanta mata ba tare da ta tona kanta ba. Ta ajiye ta a cikin gwangwanin da take zuba kalolin sukari. Ta kan buɗe ta, ta bi layukan da yatsa, ta lura da wurin da alƙalami ya danne da ƙarfi da wurin da tawada ta jiƙe, ta mayar. Malama kuwa ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Sukan haɗu a sha'anin dangi su gaisa kamar maƙwabta, jikoki suna tsaye suna kallo.

A watan Oktoba na shekarar 2015, bayan Mai Hawa-Hawa ta yi jinyar mako biyu a asibiti ta ga ana fitar da gawarwakin waɗanda suka kwanta tare, ta shiga mota ba ta gaya wa kowa ba. Ta tarar da Malama a falo tana duba takardun ɗalibai. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan da aka kawo ba. Ta fito da wasiƙar, wadda ninkinta ya fara yagewa, ta miƙa mata.

"Karanta mini."

Malama ta ce ai ta san abin da ta rubuta, ba sai an maimaita ba.

"Ni ban sani ba. Ban iya karatu ba, ban taɓa iyawa ba. Mahaifinki ne kaɗai ya sani."

Malama ta dube ta, ta dubi takardar, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Daga bisani ta karanta mata shafukan uku. Neman gafara ne tun daga layin farko.

Ƙarshen Rayuwa

Ta zauna a gidan Malama daga shekarar 2016. An gwada koya mata karatu wata uku, haruffan suka ƙi tsayawa kamar yadda suka ƙi tun farko, ta ce a bar ta haka. Ta koma yin kek jefi-jefi domin jikoki, Malama tana karanta mata kowace kalma sau biyu kafin ta matsa sukari. Ta sa an kai ta gidan tsohuwar shugabar makaranta ta nemi afuwa, amma ko a can ba ta iya faɗin dalili ba. Ta kuma roƙi Malama kada ƙannenta su ji wannan magana muddin tana numfashi.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da hantsin ranar Talata, 9 ga Fabrairu, 2021, tana da shekara sittin da uku, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi mata sutura a ranar, aka binne ta a maƙabartar garin da ta ƙarasa rayuwarta. Ta bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya uku: Malama, wadda da izininta aka rubuta wannan tarihi, da ɗa namiji, mai gyaran injinan asibiti, da Auta, ma'aikaciyar ɗakin karatu. Biyun ƙarshe ba su san sirrin mahaifiyarsu ba sai kwana uku bayan binne ta. Namijin ya tashi ya fita waje. Auta kuwa har yau ba ta yarda ba, ta ce Umma ce ta kama hannunta ta koya mata riƙe alƙalami. Allah ya gafarta mata, ya rufa asirinta a can fiye da yadda ta rufa shi a nan.