Hannu a Aljihu, Ido a Sama

In kana so ranka ya ɓaci tun da sanyin safiya, ka zo shagonmu ka buɗe injin wanki ranar da wani bawan Allah ya manta tishu a aljihun baƙin wando. Falle ɗaya tal ya isa. Sai ka tarar kayan duk sun yi furfura, riguna da wanduna da safa, kowanne ya samu rabonsa. Ka kakkaɓe, ba ya fita. Ka sa buroshi, ya ƙara shigewa cikin zare. Ni ce nake zama da salatif ina manna ina ɓarewa har bayana ya ƙage, don haka in na ce na tsani tishu a aljihu, ba labarin wani nake ba ka ba.

Amma duk tsanar da na yi masa ban kama ƙafar Baba ba.

Baba mai wanki ne tun kafin a haife mu. Da baho biyu ya fara a bayan ɗakin haya, da igiya ɗaya, da dutsen guga mai nauyi wanda har yau in na tuna shi sai kafaɗata ta amsa. A hankali ya kama shago. Mu muka tashi cikin warin sabulu da sitaci, ni da yayana, kuma ni ce auta, shi ya sa har yanzu Auta yake ce mini ko a gaban 'ya'yana. Da Yaya ya girma ya kawo injina, ya kawo abin busarwa, ya ce wa Baba ya daina tsoma hannu a ruwa. Baba ya yi ta gunaguni, daga baya ya haƙura ya koma teburin bakin ƙofa. Nan ake karɓar kaya. Shi ke gaisawa da mutane, shi ke ware fari da mai launi, shi ke lalube aljihu kafin a tura mini ciki.

To lalube aljihun nan shi ne maganar. Baba ba ya zazzago aljihu waje, ba ya kuma leƙawa. Zura hannu yake yi, ya ɗaga ido sama yana kallon fanka, ko ya ci gaba da hira da mai kayan kamar hannun ba nasa ba ne. Abin da ya taɓo sai ya dunƙule shi a tafinsa ya miƙa wa mai shi a rufe. Ya ce tun yana saurayi ya taɓa zazzago aljihun wani malamin makaranta a gaban mutane, sai ga shi duk faci ne a kan faci, launi daban-daban. Mutumin ya yi dariyar yaƙe, ya karɓi kayansa da aka wanke, bai sake dawowa ba. Tun daga ranar Baba ya ce mutum ya kawo masa riga ne, bai kawo masa asirinsa ba.

A zamaninsa abin na tafiya daidai, don abin da ake mantawa a aljihu hankici ne, ko makulli, ko ɗan matajin kai. Hankici yana da kalmasa, yatsa na taɓa shi ya kama. Ko ya kuɓuce ma ya shiga ruwa, me ya yi? Ya samu wanki kenan. Baba zai goge shi, ya ninke, ya mayar cikin aljihun da ya fito, kyauta. Waɗanda ba a san masu su ba yana rataye su a igiya bayan kujerarsa ko wani zai gane nasa.

Sai tishu ya shigo gari, Baba ya ɗaura yaƙi.

Duk rigar da aka bari shekara da shekaru ba a zo ɗauka ba, sai ya yayyanka ta, ya kai wa telan da ke kusa da mu ya kalmashe gefe, ya tara a aljihun tebur. Kowa ya zo da tishu a wando sai ya tafi da hankici da wa'azi. Akwai wani mai shagon gilashin ido da muke kira Sarkin Mura, don ban taɓa ganin hancinsa a bushe ba. Kowane aljihu nasa sai ka samu dunƙule, har na ƙirjin riga. Baba ya ba shi hankici ya fi a ƙirga.

"Baba mai wanki, tsakani da Allah," in ji Sarkin Mura wata rana, "in fyace majina a ƙyalle, in ninke, in mayar aljihu, in yi ta yawo da ita har yamma? Ai wannan ƙazanta ce."

"To wannan da na ciro yanzu, a ina ka ajiye shi? A banki?"

"Mantawa na yi. Shi ai na yarwa ne."

"Na yarwa ne, amma kullum ni kake yar wa. Malam, abin da aka yi don a yar, ba ya barin mutum ya kula da shi. Hankici naka ne, in ya ɓata za ka neme shi. Wannan kuwa ko sunan mai shi bai sani ba."

Sarkin Mura ya yi atishawa, ya karɓi hankicin, ya gode. Sati na zagayowa ya dawo da shi a aljihu, fes, ko warware ninkin bai yi ba, ga tishu dunƙule a gefensa.

Ni dai kada a ɗauka ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Ni ce na tashi ina jiƙa hankitan mutane a ruwan zafi ina murza busasshiyar majinar da ba ta gidanmu ba. In mura ta kama ni, tishu nake saya, in ɓoye a jaka kamar mai sayen abin kunya. Abin da nake roƙon jama'a kawai shi ne in sun gama su jefa a kwandon shara. Wannan ma ya gagara.

A bara abin ya fara yawa. Da can sai a daɗe ba a yi ɓarna ba, sai ga shi yau an yi, jibi an yi. Ina buɗe inji ina salati. In fito in ce, "Baba, an sake fa." Sai ya ce, "Mutanen nan ba sa ji." In ce ai ba jinsu ake tambaya ba, hannunsa ake tambaya. Sai ya ƙara muryar rediyo.

Na ce masa, "Baba, don girman Allah ka riƙa zazzago aljihun nan kana dubawa. Wa ya damu da faci yanzu?"

"Ni na damu."

"To ka bari sai mai kayan ya tafi."

"In ya tafi ai ya bar mini amana kenan. Ta fi nauyi."

Ka ji fa. Mutum ya tsaya yana yi maka bayanin amana, kai kuwa ga kwando cike da baƙaƙen kaya masu furfura suna jiran ka. Wallahi akwai ranar da na shiga bayan inji na ciji gefen mayafina don kada in yi ihu.

Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin Yaya shi ne kayan wani otal da muke yi wa wanki, baƙaƙen wanduna da 'yan falmaran na masu kai abinci. Su kuwa kowannensu da tishu yake yawo saboda aikinsa. Aka zuba su inji gaba ɗaya, suka fito kamar an barbaɗa musu gari. Muka yini a kai ni da Yaya, ba mu gama a kan lokaci ba. Manajan ya bugo waya ya ce in aka kuma, za su nemi wani wuri.

Yaya ya ja ni gefe. Ba mugu ba ne, yana da ma'aikata da iyali a wuyansa, kuma shi ke shan faɗan. Ya ce, "Auta, in aka sake ko sau ɗaya, Baba zai koma gida ya huta. Na gaji. Shekarunsa ma sun kai."

"Ya huta da wa? Tun da Inna ta rasu wa ke gidan da rana? Bango zai yi wa wa'azin hankici?"

"To ke ki san yadda za ki yi. Ni na faɗa."

Na san Baba. Kujerar nan ita ce ke tashinsa da safe, ita ke sa shi aske gemu da goge takalmi. Don haka na san yadda zan yi ɗin. Duk kayan da ya lalube ya turo ciki, sai in ja labule in sake bi ɗaya bayan ɗaya, in zazzago kowane aljihu in duba da idona. Aiki ya zama biyu, guga na jirana, ina yi ina tsaki. Ɓarna ta tsaya cak. Baba har yana ce wa Yaya, "Ka gani ko? Sun fara jin magana."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne irin abin da nake samu. Na ɗauka ɗan falle ne da ya manne a lungun aljihu, wanda kowa zai iya tsallakewa. Ina! Dunƙule-dunƙule ne, wasu sun kai ƙwan kaza. Makulli ba ya wuce shi, biro ba ya wuce shi, hankici mai kaurin kalmasa ma yakan kama. Tishu kawai ke wuce shi. Har na fara zargin da gangan yake yi don ya nuna wa duniya illar abin, na kwana biyu ina gaishe shi sama-sama.

Ranar nan da hantsi ina tsugune bayan labule, wandon Sarkin Mura a hannuna, aljihun a waje, ga roba a gabana ta kusa cika da abin da na tsinto tun safe. Sai na ga takalmin Baba. Ya shigo neman allurar maƙala lamba ne. Ya dubi aljihun da ke reto, ya dubi robar.

"Wannan duk na yau ne?"

Na ce, "Har da na jiya." Ƙarya ce, kuma ya sani.

"Daga kayan da na duba?"

Haushin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso. Na ce, "Daga ina kuma, Baba? Kai kana can kana kallon fanka, ni ina nan ina kwasar majinar gari. Yaya ya ce in aka sake gida za ka koma. Ka ƙi dubawa, ka ƙi bari a duba, to ya kake so in yi?"

Ya koma teburinsa. Na ji rediyo ya yi shiru.

Da rana ta take, shago ya yi tsit, Yaya yana can baya yana fama da famfon da ke yoyo, sai Baba ya kira ni. Na same shi zaune, ya kafa gwiwar hannu a tebur, tafukansa biyu a buɗe suna kallon sama.

"Ɗauko tishu ɗaya mai tsabta. Na san kina da shi a jaka."

Ban tsaya musu ba, na ɗauko.

"Dunƙule shi. Zan rufe ido, ki sa mini a hannu ɗaya, in faɗa miki wanne ne."

"Haba Baba, wasan yara za mu yi?"

"Yi abin da na ce."

Ya rufe ido. Na dunƙule tishun na ɗora a kan yatsunsa na dama, yatsun da suka yi shekaru a ruwan sabulu da bakin dutsen guga, fatarsu ta yi sulɓi tana ƙyalli. Na ja baya ina jira ya ce dama, mu wuce wurin. Ya ɗan motsa yatsun, tishun ya gyara zama.

"Auta, ki sa mana. Me kike jira?"

Sai a lokacin na tuna yadda ya koma sa riga marar maɓalli, da yadda allura ke faɗuwa daga hannunsa ya ce santsi gare ta. Wata da watanni ina masifa a kan taurin kai.

Da ya ji shirun ya yi yawa ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Sannan ya ajiye shi a tebur a hankali.

"Kira mini yayanki."

"Ba zan kira shi ba. Gobe mu je asibiti a duba hannun. Ni zan ci gaba da bi a baya, ba wanda zai sani."

"Ni na sani. Asibiti za mu je. Amma ba zan zauna a nan ina zura hannu a aljihun mutane ina yi musu wasan kwaikwayo ba."

Ya ɗaga murya ya kira shi da kansa. Yaya ya fito da sifana a hannu, rigarsa a jiƙe, yana tambayar ko an sake ɓarna ne.

Baba ya ce, "Ba a yi ba. Daga gobe ka nemi wanda zai zauna a nan."

Yaya ya dube ni, ya dubi Baba. Maganar da ya yi ta maimaita mini a bayan inji ce aka miƙo masa, ya kasa karɓa. Ya ce, "Baba, ai ba gaggawa." Baba ya ce akwai, ya miƙe ya shiga laluben hularsa a kan ƙusa.

Ni kuwa na ɗauki tishun nan na yayyaga shi, na jefa a kwando, na koma ciki. Na san ba shi ya kashe wa Baba yatsu ba. Amma wani abu dole in ji haushinsa, kuma guga tana jirana.