Jar Roba da Yauƙin Kuɓewa

Shekarar da fari ya cinye raƙuman Baba, ni ina da rumfar faci a bakin tasha, yayana kuma mushe ne, wato malami, a lakwal, makarantar boko. Raƙumi na ƙarshe a ƙofar gidanmu na Dagmanet ya durƙusa, bai sake tashi ba. Tun ranar Baba ya rufe bakinsa. Kullum sai ya shiga mangazarsa, ɗakin ajiyar gishiri, wadda a da take cike da kantun Bilma har rufi, ya zauna a ƙasa. Furar da Inna ke kai masa haka take dawowa. Wallahi tsoro nake ji, don muna kallo mutum yana ƙarewa.

Yaya dai mutum ne mai shegen ƙirƙira. Ya sassaƙe ɓargon karan gero, ya manna masa takarda mai shara-shara, wai jirgin sama. Na ce, "Yaya, mutane na neman tsaba, kai kana wasan yara?" Ya ce in rufe masa baki in samo robar da za a murɗa ta tayar da shi. A waje ba ya tasuwa, iska za ta yaga shi, ga kuma soja ke mulki, abu ya tashi sama sai ka yi bayani a bariki. Mangazar Baba kaɗai ke da faɗi, kuma na san da gangan Yaya ya zaɓe ta.

To roba ai sana'ata ce. Baƙar robar cikin tayar mota gawa ce, ka ja ta sai ta dawo a kasalance. Jar robar cikin tayar keke ita ce mai rai. Nakan ja ta da ƙarfi in ɗora a leɓe, in na ji ɗumi to ta yi. Na tona rumfata kaf, ƙwaya ɗaya na samu wadda rana ba ta tsattsaga ba. Na fere ta da aska, siri-siri, ta ba ni tsiri huɗu.

Biyu suka tsinke a hannun Yaya yana murɗawa. Ta uku ni na kashe ta, don na yi gwaninta na shafa mata man mota ta yi laushi, kafin la'asar ta zama danƙo. Kai! Ranar na zagi kaina. Saura ɗaya, kuma duk wannan wahala Baba ko ɗago kai bai yi ba.

Yaya ya maƙala ta ƙarshen, ya kama elis, ɗan fiffiken gaba mai juyawa, zai murɗa. Sai muka ji murya a dushe daga gefen bango.

"Haka aka koya muku murɗa igiya?"

Muka daskare. Baba ne, bayan watanni. Ya ce a jiƙo busasshiyar kuɓewa. Na ruga wurin Inna, ta ba ni daga 'yar wadda ta rage mata ba ta ko tambaya ba. Da ta jiƙu, Baba ya shafe robar da yauƙin, ya ce Yaya ya riƙe jirgin, ni in ja bakin robar in yi baya har tsakar ɗaki. "Murɗa kana matsowa, sannu-sannu, kamar igiyar kaya. In ta ƙulle ka saurara mata." Na murɗa ina matsowa. Ta sha murɗi fiye da sauran nesa ba kusa ba, ba ta tsinke ba.

Yaya ya saki jirgin. Allahu Akbar! Ni na zaci zai yi fiu ya daki bango. Ina! A hankali ya tashi, elis na juyawa har kana iya binsa da ido. Ya hau ta cikin hasken da ke shigowa ta 'yar taga, ya kewaya ƙarƙashin azara, ya sake kewayawa, ba ƙara ko kaɗan. Karan gero fa, da robar da na tsinto a shara! Ko numfashi mun ƙi yi, kada mu ture shi.

Da murɗin ya ƙare jirgin ya sauko, ya zauna dab da ƙafar Baba. Baba ya daɗe yana dubansa, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ce a bar robar ta huta tukuna, ko raƙumi ba a ɗora masa kaya sau biyu a jere.

Ya duba gefensa, ya ce, "Ina furar nan?"