Alwalata da Ruwan 'Yan Sama Jannati

Sana'ata ɗaurin kaya ce a wani sito a unguwar Port Saeed, nan ƙasar Larabawa. 'Yan kasuwar Kano su sayo takalma da turare da mayafai, ni kuma in zubar da kwalaye, in matse, in ɗaure, har kilo ya ragu. Shi ya sa ranar da abokin zamana ya nuna min bidiyon 'yan sama jannati, da farko daɗi na ji. Na ga kamar abokan sana'a ne.

Abokin zaman nan nawa Kirista ne daga kudancin Kaduna, aikin bututun ruwa yake yi, muna ce masa Injiniya. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Hor Al Anz. Wata Lahadi da rana muna cin shinkafa da wake, ya jingina wayarsa da kwalbar mai yana fassara min. Ya ce duk abin da za a hau da shi sama sai an auna, don haka ba sa wanki. Riga sai ta gaji da datti, a cusa ta cikin wani kumbon kaya tare da sauran shara, a sako shi ya ƙone ƙurmus a hanya. Na ce madalla, waɗannan sun san aiki.

Sai ya zo kan ruwa. Wai fitsarinsu da guminsu na'ura ke tarawa ta tace, gobe su dafa shayi da shi.

Cokali ya faɗi daga hannuna. Ni mutum ne mai ƙyanƙyami, kuma bakina ba ya shiru. Na ce wannan ai ƙazanta ce da digiri. Na ce duk Musulmin da ya je can ya yi alwala da wannan ruwa, to motsa jiki ya yi, ba salla ba. Har na ɗaga yatsa ina yanke hukunci, ni da ko Ishmawi ban sauke ba.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya shinkafa, sannan ya ce, "Alhaji, famfon nan na cikin furanni a bayan sitonku, mai bututu shunayya, har yanzu a nan kake alwala?"

Na ce, "Azahar da La'asar, kullum. Masallaci layi ya yi yawa."

Ya ce, "Ruwan ban-ruwa ne. Na banɗakunan garin nan ne ake tacewa a mayar wa shuke-shuke. Wallahi na zaci ka sani, kuma maganar addininku ce, shi ya sa ban sa baki ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Shekara huɗu ina alwala da shi! Na fara lissafin salloli, kaina ya ɗauki zafi, na bari. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don kaya in ya ɓace ana sayo wani, salla kuwa ban san inda zan nemo ta ba.

Washegari na je na tsaya gaban famfon. Ga allon gargaɗi nan, hoton kofi da jan layi a kansa, wato kada a sha. Na sha ganinsa. Na ɗauka cewa ake kada a ɗiba, irin rowar masu gari, har nakan waiga kafin in buɗe ina jin kaina mai wayo.

Daga nan ban koma sito ba, na hau mota zuwa unguwar Al Nahda wurin wani dattijon malami ɗan garinmu. Kunya ta hana ni fara da kaina, sai na fara da mutanen sama. Ya saurara yana jan carbi, ya ce malamai da dama sun tafi a kan cewa ruwa in an tace shi har launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa suka koma na asali, ya tsarkaka. Sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, yaushe ka sauko daga saman?"

Na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa. Ya ce to sallolina na rataye a kan abu uku, in amsa tsakanina da Allah. Launi? Na ce fari tas. Wari? Na ce ban taɓa ji ba.

"Ɗanɗano fa? Wannan sai wanda ya tabbatar."



Na ce, "Allah gafarta malam, na tabbatar. Lokacin zafi ba kurkure baki kaɗai nake yi ba. Nakan cika ciki."